Yaɓen Zauren Badaru

Ammariyya, Jidda
Watan Sha'aban

Gwaggo Lubabatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya ƙafar nan da ke damunki? Ya mutanen Rano baki ɗaya? Mu nan alhamdu lillahi. Yayana Othman yana gaishe ki, hawan jininsa ya sauka, bakinsa ne dai bai sauka ba. Ki yi haƙuri da Hausata, kin san a nan aka haife ni, in kalma ta ɓace mini sai Larabci ya faɗo ba sallama. Kin ce maganar waya ba ta zama, ke takarda kike so, to ga takarda.

Maganar ribaɗi ce ta sa na rubuto, wato gidan nan da kakan babana Badaru magini, wan kakanki, ya gina ya bar shi waƙafi don alhazan ƙasarmu. Yanzu alhazai otel suke sauka. Tsofaffin mata ne a ciki waɗanda ba su da kowa, Hajiya Lailatu ce babbarsu, kin san ta. Gwaggo, rufin gidan ya gaji, katakon duk ya ruɓe. Baladiyya, wato hukumar gari, sun manna takarda a ƙofa, in ba a gyara ba za su rufe gidan, a rarraba matan a gidajen gajiyayyu. Lailatu ta ce sai dai a fitar da gawarta.

Amma Allah ya buɗe wata ƙofa. Hukumar da ke kula da tsofaffin gine-gine tana da tsari: ginin tarihi da ke hannun gari ko ƙungiyar taimako, in masu shi suka kawo rabin kuɗin gyara, gwamnati ta kawo rabi. Ƙungiyarmu ce ke riƙe da waƙafin, ni ce kuma sakatariya. Mun zaga teloli na unguwar Sa'alaba, da direbobi, har nas-nas 'yan Najeriya da ke aiki a nan, kowa ya ba da abin da ya samu. Rabin namu bai cika ba tukuna, amma wallahi ban taɓa ganin Takari sun haɗa kai irin wannan ba.

Sharaɗinsu shi ne mu nuna gidan na tarihi ne. Bayan Sallah za su turo muhandisa, wato injiniya, ta duba. Don Allah ki rubuto mini duk abin da kika sani game da Badaru. Wajen gidan dutsen teku ne irin na Balad, tsohon birnin Jidda, shi ba ni da fargaba a kansa. Zauren ciki ne na ƙasa irin naku, kuma tun rasuwar Ummi ba a sake yaɓe shi ba, ya tsattsage har ina jin nauyin shigo da baƙo.

'Yarki,
Sharifa

*

Rano
Watan Azumi

'Yata Sharifa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta har sau biyu, na biyun a tsakar gida da ƙarfi don surukaina su san muna da gida a bakin tekun Jidda. Ƙafa da sauƙi. Ki gaishe da Othman, ki ce masa surutun nan gado ya yi, ba ciwo ba ne. Hausarki kuma ba laifi, ta fi ta jikokina da ke nan Kano suna cinye rabin kalma.

Badaru dai mutum ne mai zafin rai da hannu mai kyau. Shi da matarsa suka bar Rano da ƙafa, duk garin da guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi gini, ya sami na gaba. Haka suka yi shekaru a hanya har suka haye teku. Da ya gina gidan da dutse irin na mutanen wurin, matar ta shiga ta fito ta ce ita wannan ba gida ba ne, ba shi da zaure, ƙarnin ruwa kawai yake yi. Shi ne ya yi mata zauren ƙasa a ciki. Ita ta fara yaɓe shi da hannunta, ta ja zane da yatsu. Daga nan ya zama duk shekara kafin alhazai su sauka, matan gidan su taru su yi sabon yaɓe, don wanda ya sha wahalar hanya ya shigo ya ji ƙanshin ƙasar gida. Shekarar da na zo aikin hajji ni da uwarki muka yi ɓangaren da ke kallon ƙofa, tana yi mini dariya wai yatsuna gajeru ne.

Yanzu bari in yi miki faɗa. Baƙi na gwamnati za su zo, ki bar su su tarar da bango a tsage? A ina aka taɓa yin haka? Ko surukar ƙauye za ta zo ai an share gida an gyara. Za su ce zuriyar Badaru ta lalace, ba ta iya riƙe abin da aka bar mata ba, su kai kuɗinsu wani wuri.

Ga Alhaji Usuman maƙwabcinmu nan zai zo umara, na ba shi makuba a cikin buhu, ɓawon ɗorawa ke nan, in ba ki sani ba Lailatu ta sani. Ku jiƙa ta, ku nemo jar ƙasa ku kwaɓa da ruwanta. Da hannu ake yi, kada wani ya kawo muku ƙarfen magina. Ku gama kafin baƙin su zo.

Gwaggonki,
Lubabatu

*

Ammariyya, Jidda
Watan Shawwal

Gwaggo,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya a jiki, amma raina a dagule yake, bari in ba ki labarin daga farko.

Alhaji Usuman ya kawo saƙo, ya ce a filin jirgi sai da aka shinshina buhun aka tambaye shi ko shayi ne. Jar ƙasa kuma wani direbanmu ya samo mana daga bayan gari. Ranar yaɓen, ya Gwaggo, da kin gani! Lailatu da ba ta iya tashi sai an kama ta, ita ce ta ɗaure zani ta shiga kwaɓi tana ba da umarni kamar mai gidan biki. Matan unguwar Hindawiyya suka ji labari suka zo, har waɗanda suka manta Hausa sai kaɗan. Aka dafa shinkafa, aka yi guɗa. Na sa hannuna a ƙasar nan mai sanyi na ja yatsu yadda Ummi take yi, hawaye suka zubo mini ban sani ba. Da muka gama zauren ya yi ja, ya yi sheƙi, ƙanshi har titi. Na tsaya a ƙofa kaina ya kumbura, na ce yalla, ko wane ne ya zo.

Washegari muhandisa ta zo, sunanta Lujain, yarinya ce mai ladabi. Ta duba dutsen waje tana murmushi. Da ta shigo zaure ta taɓa bango, sai ƙasa ta manne mata a yatsa. Ta ce, “Yaushe aka yi wannan?” Na ce da alfahari, “Jiya, saboda zuwanku.” Ta dafe kai ta ce, “Ya Ustaza, ai tsohon nake nema! A hotunan da kuka turo akwai tsohon zane, shi ya sa aka karɓi takardunku. Gidan dutse irin wannan akwai su da yawa, zauren nan ne babu irinsa. Yanzu me zan rubuta? In ce na tarar da bango mai kwana ɗaya?”

Halas, shi ke nan, an dakatar da maganarmu. Othman ya ce mun rufe dukiya da taɓo, kullum sai ya faɗa, da safe da yamma. Lailatu ta daina cin abincin kirki. Ni kuwa na shafe zanen Ummi na ƙarshe da hannuna, na kuma jawo za a kori tsofaffi daga ɗakunansu. Da na sani, Gwaggo, da ban taɓa ƙasar nan ba.

Sharifa

*

Rano
Watan Zulƙida

Sharifa,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni amsa miki ba, fushi ne. Takardarki ta daɗe a ƙarƙashin filo, in na ɗauko biro sai in ajiye. Yau alhazan garinmu za su tashi, shi ya sa na daure.

Wato ke ma kin bi sahun masu jin kunyar ƙasa. “Da ban taɓa ƙasar nan ba.” Ƙasar da kakar ubanki ta ƙi zama a gida sai da ita! Na san irinku, kun sha sanyin na'ura, in an ce Takari sai ku sunkuyar da kai, ku fi son a ce gidan na dutse ne kawai. Ita kuma yarinyar gwamnati, a garinsu idan za a yi baƙi ƙazanta ake tara musu? Ni ban ga laifin da muka yi ba, mun girmama baƙo ne, kuma ko gobe aka tambaye ni abin da zan ce a yi ke nan.

Sannan wa ya gaya miki kin shafe zanen uwarki? Kin ga an kankare bango ranar? Ba a kankare yaɓe, a kan na bara ake ƙara na bana. Hannun uwarki yana nan a bayan naki, nawa gajerun yatsun suna can ciki, na matar Badaru yana can ƙarshe jikin tubali. Ba ki lura ƙofar zauren nan ta fi sauran ƙofofin gidan matsi ba? Ba haka aka gina ta ba, yaɓe ne ya cinye ta a hankali.

Ki ce wa Lailatu ta ci abinci, ba a kanta aka fara ba.

Lubabatu

*

Ammariyya, Jidda
Watan Muharram

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Shirun da kika yi ya fi faɗan zafi, kullum sai na tambayi masu zuwa ko an ba su saƙo. Amma wallahi ba ki fahimce ni ba. Ni in ji kunyar ƙasa? Ni da na je aiki da jan makuba a farce, abokan aiki suna tambaya ina ba su labarin Badaru har suka gaji da ni? Tsoro ne ya sa na rubuta abin da na rubuta, tsoron ranar da za a fito da akwatin Lailatu a ajiye a titi.

Maganarki ta ƙofa ce ta tashe ni. Na je na tsaya a cikinta, kafaɗuna suka kusa taɓa gefe da gefe, alhali sauran ƙofofin mutum biyu na wucewa. Na kira Lujain. Ashe ita ma abin bai bar ranta ba, ta ƙi rufe takardunmu, tana ta ja musu lokaci. Ta zo da 'yar wuƙa da burushi ta durƙusa a kusurwar zaure, ta yanka wuri kamar faɗin tafin hannu, tana bi a hankali. Gwaggo, yaɓe kan yaɓe ne, wani ja, wani baƙi-baƙi, wani fari. Lailatu ta leƙa ta ce farin na shekarar da aka rasa jar ƙasa ne aka haɗa da farar ƙasa, ita tana amarya a lokacin. A wani yaɓen muka ga sawun ɗan yatsa ƙarami na jariri. Lujain ta zauna daɓas a ƙasa da abayarta tana cewa masha Allah, masha Allah. Tsofaffi suka kewaye ta kowacce na nuna nata. Othman da kansa ya cire tabarau yana goge ido, ya ce ƙura ce.

Ta rubuta rahoto, lajna ta zauna, wato kwamitin da ke yanke hukunci. Sun yarda gidan na tarihi ne, sun yarda su biya rabinsu. Sai dai da sharaɗi. Za a rufe bangon zauren duka da gilashi, kuma ƙungiya ta sa hannu cewa ba wanda zai sake taɓa shi da yaɓe har abada.

Othman ya ce in sa hannu tun kafin su sake tunani. Na tara matan gidan na karanta musu, tunda su ne za a kora, su ke da magana. Lailatu ta ce, “Ke Sharifa, bangon da muke jingina da shi mu sha shayi ne za a sa wa gilashi kamar kantin zinare? In ba a yaɓe shi ba ai mu ma an gama da mu. Je ki ce musu ba mu yarda ba.” Sauran suka ce abin da ta faɗa. Amma na ga ɗaya daga cikinsu ta shiga ɗaki tana ninke kayanta a ɓoye.

Mako mai zuwa zan tsaya gaban lajna. Na san takardar nan ba za ta je ta dawo kafin lokacin ba. Ki yi mini addu'a kawai.

'Yarki,
Sharifa

*

Rano
Watan Safar

'Yata Sharifa,

Gaisuwa mai yawa. Na yi miki mummunar fahimta, ki yafe wa tsohuwa, bakina ya riga hankalina. Labarin sawun jaririn nan kuwa na ba da shi a gidan suna, na ba da shi a gidan gaisuwa, har an fara gudu in an hango ni.

Ki saurare ni da kyau. Ki sa musu hannu. Ni ce mai kumfar baki a kan yaɓe, amma ni a ɗakina nake kwana, ba ni za a kora ba. Lailatu tana magana ne da zuciya irin tawa, wadda ta ninke kayanta ita ce ta gaya miki gaskiya. Badaru don mutane ya gina gidan, ba don bango ba. In gilashi ne zai bar su a ɗakunansu, a sa gilashin, zan haɗiye abin da ke raina. Allah ya sa takardar nan ta riske ki kafin ki yi abin da jininmu ya saba yi.

Gwaggonki,
Lubabatu

*

Ammariyya, Jidda
Watan Jimada Awwal

Gwaggo Lubabatu,

Assalamu alaikum, ya jiki, ya gida? Kowa a nan lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, da gangan ne, na ce sai na ga ƙarshen abin da idona.

Takardarki ta makara. Ranar da ta iso na riga na yi abin da jininmu ya saba yi, na karanta ta na ce wayyo, ga Gwaggo ma ta sauko ni ban sauko ba.

Ga yadda aka yi. Na shiga gaban lajna, maza da mata a bayan dogon tebur, takardar na gabana da biro a kai. Na ce musu, “Abin da kuka gani a bangon nan ya burge ku, ba rana ɗaya aka yi shi ba. Kowace shekara mata ne suka ƙara nasu. In matar Badaru ta sa gilashi a kan nata, da ba ku tarar da komai ba sai yaɓe ɗaya. Ku gyara mana rufi, mu mu ci gaba da riƙe bangon yadda aka riƙe shi har ya iso gare ku.” Shugabansu, wani dattijo mai farin gemu, ya ce, “In muka ce a'a fa?” Na ce, “Sai in koma in gaya wa tsofaffin da suka aiko ni, su suka ce kada in sa hannu.” Ban taɓa biron ba. Lujain ta miƙe ta ce a ganinta na ma'aikaciya, gilashi zai tara gumi a garin nan mai zafi ya lalata ƙasar, yaɓen ne ya kare ta. Dattijon ya daɗe yana kallon hotunan bangon, sai ya ce kakarsa ma a ƙauyensu na kudu da hannu take shafe ɗakinta. Suka ce in tafi za a neme ni.

Makonnin da suka biyo baya ba na fatan su ga maƙiyi. Othman bai ce mini uffan ba, kin san kuwa abin ya kai.

Sai ga amsa. Gilashi a kan 'yar tagar da Lujain ta yanka kawai, don mai ziyara ya ga abin da ke ciki. Sauran bango namu ne. Kuma sun rubuta a cikin yarjejeniyar cewa wajibi ne ƙungiya ta yi yaɓe duk shekara, da hannu, yadda aka gada. Sun ma ƙidaya aikin a cikin rabonmu, shi ya cike ɗan abin da ya rage mana. Kin ji, Gwaggo, abin da muke yi don kada a ga kasawarmu, yau gwamnati ce ta ce dole mu yi, da hatimi. A allon da aka kafa a ƙofa an rubuta sunan Badaru, an rubuta magini ne daga Rano. Othman ya ɗauki hoto a gabansa ban san sau nawa ba, yanzu cewa yake tun farko shi ya ba da shawara.

Lokacin aikin rufi mun raba matan a gidajenmu. Lailatu a wurina ta zauna, da mabuɗin ɗakinta ɗaure a bakin mayafi, ko wanka za ta shiga da shi take shiga. Kullum sai ta ce in kai ta ta ga ko ma'aikata sun jingina tsani a bangon zaure. Makon jiya aka gama, suka koma gaba ɗayansu, ba wadda ta rage. Wadda ta ninke kayanta ita ta fara shiga.

Shekaranjiya bayan la'asar hadari ya taso daga teku, ruwan farko na bana, irin wanda ke cika titunan Jidda. Ina gidan na kai musu magani. Muna zaune a zaure, bayanmu jingine da bango, sai Lailatu ta miƙe da sandarta ta shiga ɗaki, ta jawo wani tsohon kwano ta ajiye a tsakiyar ɗakin, daidai inda ya saba yi mata yoyo shekara da shekaru. Na ce, “Hajiya, ai an gyara.” Ta ce, “Ke dai bari mu gani.” Ta zauna a bakin gado ta zuba wa kwanon ido, mu kuma muka tsaya a ƙofa muna kallonta, ruwa na dukan sabon rufi kamar zai ɓalle shi.

Har aka ɗauke ko ɗigo bai sauka ba. Ta sa hannu ta shafa cikin kwanon, ta duba tafinta, ta ce in rubuta miki cewa tana nan a ɗakinta. Sannan ta zuba gero a kwanon ta fita ta ba tattabarunta.

'Yarki mai gaishe ki,
Sharifa